Yayata da Akwatin Gidan Sanyi

Tun muna yara kowa a gidanmu ya san Yaya da ƙyanƙyami. Ita ce babba, ni ce ta uku, kuma a ɗaki ɗaya muka tashi, saboda haka ni na fi kowa shan wahalar halinta. Ba ta shan ruwa a kofin da wani ya kai baki sai ta ɗauraye shi, ko da kuwa Inna ce ta sha. Idan ƙaninmu ya yi atishawa kusa da kwanonta, ta gama cin abinci ke nan, sai dai ta tashi ta bar masa. Soson wankanta ma a leda take ƙulle shi ta ɓoye a bayan akwatin kaya. Baba, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, kuma duk sanda ya dawo daga tafiya sai ta tare shi a ƙofa da bokiti da sabulu kafin ta yarda ya shafa kan kowa. Shi ya laƙaba mata Duba-gari, sunan kuma ya bi ta har gidan miji.

Ba datti kaɗai take ƙyama ba, aikin da aka yi a karkace ma tayar mata da zuciya yake yi. Da ta gama sakandare Kawu ya ɗauke ta a shagonsa na buga takardu. Idan ta ga wasiƙar da gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, sai ta riƙe ta da yatsa biyu kamar tsumman da aka tsamo daga kwata. Kawu ya sha yi mata faɗa kan ɓarnar takarda, don takan sake buga abin da mai shi da kansa ya ce ya yi. A shagon ta fara taɓa kwamfuta. A nan kuma ta haɗu da mijinta, wani malamin lissafi mai sanyin hali, wanda ya yi ta kawo 'yan takardun da ba su kai a buga ba, har Kawu ya gane ba takarda ce ke kawo shi ba.

Bayan ta haifi 'yarta ta biyu ta koma karatu, ajin yamma, wani lokaci da goyo a baya. Ta koyi rubuta manhajar kwamfuta, ta sami aiki a wani kamfani. Kamfani ne a baki, amma ɗakuna uku ne a saman shagon masu facin taya, inda warin roba ke biyo matattakala ya shigo har kan tebur. Mai wurin ya fi son a ce masa Injiniya, kowa kuma haka yake ce masa. Akwai wani abokin aikinta, magidanci da tumbinsa, da ake kira Yanzu-yanzu, saboda duk aikin da aka ba shi amsarsa ke nan, kuma da gaske yana gamawa da wuri. Sai dai abin da ya gama ɗin, in ji Yaya, ko kare ba zai shinshina ba. Suna yi wa ƙananan wurare manhaja, irin su kantin magani da makarantu da otal-otal. Rabon Yaya shi ne tsara fuskar manhajar, wato abin da mai aiki zai gani a gabansa ya cike.

Na daɗe ban gane abin da ake biyan ta a kai ba, har ran da ta zaunar da ni a teburinta na gida ta nuna mini. Ta buɗe taga a kwamfuta, cikinta akwatuna ne na rubutu, ɗaya na kwanan wata, ɗaya na suna, ɗaya na bayani. Ta kama gefen tagar da linzamin kwamfutar ta ja, tagar ta faɗaɗa. Ta ce duk filin da ya ƙaru sai an raba wa akwatunan nan, kuma su ba su san komai ba sai abin da aka gaya musu. Kwanan wata ba ya ƙara tsawo don an buɗe taga, saboda haka shi ana kafe shi a inda yake. Suna yana ɗan buƙatar sarari, sai a bar shi ya miƙe amma a yi masa iyaka. Akwatin bayani kuwa shi ake sakar wa duk abin da ya rage, ya miƙe ta gefe, ya miƙe ta ƙasa. Idan kuma aka matse tagar, kowane akwati yana da ƙanƙantar da ba zai wuce ta ba, don kada rubutu ya ɓace.

Sannan ta buɗe mini wata manhajar da Yanzu-yanzu ya yi, ta ja tagar. Akwatin kwanan wata ya zazzago har ƙarshen allo kamar harshen karen da ya sha gudu, da 'yan lambobi a maƙale can a lungu, na suna kuma ya tsuke har ya yanke rabin sunan mutum. Ta kawar da kai ta ja tsaki.

"Dubi wannan ƙazanta don Allah. Kuma wani zai wuni yana kallon ta, da ita zai ci abincinsa."

Na yi dariya na ce ai akwati ne kawai. Ta harare ni ta rufe tagar.

A cikin ayyukan da ta yi, wanda ta fi alfahari da shi shi ne na wani gidan sanyi, inda ake ajiye daskararrun kaji da kifi ana sayar wa 'yan kasuwa da gidajen abinci. Ba ta taɓa zuwa wurin ba. Injiniya ne ya je ya kawo mata bayanin abin da suke so, ita kuma ta tsara. Mai kula da sito zai riƙa shigar da kwanan wata, da ma'aunin sanyin ɗaki, da yawan katan ɗin da ya shiga ko ya fita, sannan a ƙasa akwai akwatin da zai rubuta duk abin da ya lura da shi. Wannan na ƙasan ta sake shi sosai, don Injiniya ya ce mata mai siton tsoho ne, idonsa ya yi rauni, kullum tagarsa a buɗe take ta cika allo.

An yi wata da watanni babu ƙorafi. Sai wata safiya aka bugo waya daga gidan sanyin aka ce akwati ya lalace, da an buɗe taga sai ya kumbura ya cinye rabin allo, a zo a gyara. A ranar, makarantar da nake koyarwa tana hutu, kuma mun yi da Yaya za mu je duba Inna da ke fama da ciwon gwiwa. Ta ce mu biya ta can tukuna, ba za ta daɗe ba.

Tun daga bakin layin wari ya tare mu. Ba ƙarnin kifi ba ne irin wanda aka saba, wani abu ne mai nauyi da ɗan zaƙi-zaƙi da ke zama a maƙogwaro. Wani jan ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfen yana gangarawa kwata, ƙudaje sun yi masa baƙi ƙirin a gefe da gefe. Yaya ta tsaya cak, ta ciro hankici ta toshe hanci, ta tattare zaninta da ɗaya hannun, ta tsallaka kamar mai tsallaka wuta. Mai gadi ya nuna mana wani ɗan ɗaki a jikin ɗakin sanyin, ya ce a nan Baba Sito yake.

Mun same shi yana karin kumallo a kan kibod ɗin kwamfutarsa. Burodi ne da kifin gwangwani, yana dangwalawa yana kaiwa baki, man yana ɗiga tsakanin madannan. Kibod ɗin a da fari ne, amma yanzu kowane harafi ya yi baƙin danƙo, sai tsakiyarsa inda yatsa ke bugawa yake ɗan sheƙi. Allon kwamfutar babba ne, kashin ƙuda ya yi masa ɗigo-ɗigo. A ƙarƙashin teburin akwai gwangwanin da yake tofa kaki a ciki. Ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya goge a rigarsa, ya gyara tabaransa mai kauri, ya miƙe ya ba Yaya kujera. Ta dubi kujerar ta ce ta gode, tsayuwa ta fi mata.

Ta shimfiɗa takardar goge hannu a kan linzamin kafin ta taɓa shi, madannan kuma da gindin biro ta riƙa danna su. Ta matse tagar, ta buɗe ta, ta sake matsewa. Kwanan wata yana nan a kafe, ma'aunin sanyi bai motsa ba, akwatin bayani yana miƙewa yana komawa kamar yadda ta tsara shi. Ta ce wa tsohon ita ba ta ga abin da ya lalace ba. Ya ce shi ma bai gani ba, shi a wurinsa ma hakan ya fi, Manaja ne ya sa a kira.

Muna jiran Manaja idonta ya sauka kan abin da ke rubuce cikin akwatin, nawa ma ya sauka, don allon a buɗe yake, rubutun kuma manya ne. Na ranar yana cewa wuta ta ɗauke tun jiya, janareta ya ƙi tashi, katan-katan na ƙasa sun narke ruwa na fita, an gaya wa Manaja ya ce a bari wuta za ta dawo. Yaya ta koma baya zuwa wasu ranakun. Wata rana an wanke kajin da suka fara kore da ruwan gishiri an sake musu leda. Wata rana an tarar da ɓera ya mutu a cikin katan ɗin kifi, an cire shi an rufe katan ɗin. Wata rana an goge kwanan watan da ke jikin kwalaye an buga sabo. Kowane bayani da magana ɗaya yake ƙarewa, cewa na faɗa wa Manaja, kada gobe a ce ni ne.

Na ɗauka ko tausayin masu ci ne ya sa tsohon yake rubutawa, har na fara yi masa sannu da ƙoƙari. Ya yi wata 'yar dariya da ta zama tari, ya jawo gwangwaninsa ya tofa.

"'Yata, ni ina ruwana da wanda zai ci? Wuyana nake karewa. Ranar da abin zai fashe, talaka za a kama."

Manaja ya shigo yana sakace. Matashin magidanci ne mai tsabtar kaya, ya sha turare har ya yi yawa, turaren ya haɗu da warin ɗakin ya zama wani abu na uku da ya fi su biyun muni. Ya gaishe mu da fara'a, ya kira Yaya da babbar injiniya. Da ta ce masa akwatin lafiyarsa ƙalau, haka aka gina shi, sai ya tura ƙofa ya rufe ya yi ƙasa da murya. Ya ce kwanakin baya ma'aikatan duba-gari sun zo, ɗaya daga cikinsu ya tsaya a bayan Baba Sito yana jiran a buga masa takardar ma'aunin sanyi, sai ga tarihin gidan gaba ɗaya a baje a allo kamar jarida. Da ƙyar aka lallaɓa su suka tafi. Ya ce ba zai iya hana tsoho rubutu ba, don ɗan'uwan mai gidan sanyin ne, kuma bakinsa ya fi hannunsa tsawo. Abin da yake so shi ne a mayar da akwatin layi ɗaya, ɗan gajere, a kafe shi, ko an buɗe taga ta kai bango kada ya motsa. Duk abin da ya wuce kalma biyu ko uku ya shige ciki, kada ido ya gan shi.

Ya juyo gare ni yana murmushi, ya ce ai ni ma na gani, ko don kyan gani ma ƙaramin akwati ya fi tsari.

Yana cikin magana wani ma'aikaci ya buɗe ƙofar ɗakin sanyin, muka ga ciki ta tagar ofis. Maza biyu ne da takalman roba a tsaye cikin ruwa, gabansu baho, suna tsamo kaji suna murza su da soso. Fatar kajin tana saɓulewa a hannunsu, wani yauƙi yana bin yatsunsu. Na ukun yana karɓa yana zurawa a sabuwar leda mai hoton gona da koren ciyawa.

Yaya ta juya baya. Ta saki biron nan a kwandon shara, ta ɗauki jakarta. Manaja ya biyo mu har ƙofa yana cewa a sa mana katan ɗaya a mota, na yara, daga na sama ne masu kyau. Ta tsaya ta dube shi tun daga takalmi har hula.

"Ka kai wa naka yaran," in ji ta.

Ba mu kai bakin titi ba ta durƙusa a gefen kwata ta yi amai har sai da na riƙe ta. A gidan Inna ta wuce bayi kai tsaye, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta sake wankewa, ta nemi zanin Inna ta ɗaura ta jiƙa nata a bokiti. Inna ta tambaye ni ko ciki ne da ita. Da na ba ta labari sai ta riƙe haɓa ta ce, yau kam Duba-gari ta ga abin da ya fi ƙarfin sabulu.

Washegari ta kai wa Injiniya maganar, tana zaton zai ji abin da ta ji. Ya saurare ta yana jujjuya makullin mota a yatsa. Da ta gama ya ce duk ya ji, kuma Allah ya kyauta, amma su akwati suke sayarwa, ba kaza ba. Mai kaya ya ce a rage masa akwati, to a rage. Ba a ce ta yi ƙarya ba, ba a ce ta goge komai ba, faɗi da tsawo ne kawai, abin da take yi kullum. Ta ce masa mutane ne ke cin abin nan, har da yara. Ya ce to ta daina saya.

Yanzu-yanzu, da ke sauraro daga teburinsa yana cin gyaɗa yana zubar da ɓawon a aljihun tebur, ya ce a ba shi aikin, yanzu-yanzu zai gama. Zai kafe tagar gaba ɗaya yadda ba mai iya ja ko matse ta, sannan ya sa manhajar ta riƙa yanke rubutun tana zubar da duk abin da ya wuce 'yan haruffa, har da na baya, a huta. Injiniya ya ce hakan ma ya yi. Ya ba Yaya zuwa ƙarshen mako, ko ta yi ko a ba wancan.

Kwanakin nan ba ta da daɗin zama. Ta hana shigo da kaza gidanta, ta kwashe kifin da ke firji ta zubar duk da ba daga can aka saya ba. Yara suka yi ta ƙunƙuni. Mijinta, wanda ba ya son doguwar magana, ya ce mata in ba ta so ta ƙi, in sun kore ta ba za su kwana da yunwa ba. Ni ma haka na ce. Ta ce mu duka ba mu gane ba. In ta ƙi, akwatin zai ƙanƙance ko da ita ko ba ita, sai dai a hannun wanda zai yi shi da ƙazanta, ya kafe wa tsoho mai raunin ido taga, ya zubar da rubutun da aka riga aka yi.

Ita ta yi aikin da hannunta. Ta mayar da akwatin layi ɗaya, ta kafe faɗinsa, ta raba filin da ya rage wa sauran akwatunan yadda tagar ba za ta yi kama da bakin da aka cire wa haƙori ba. Ta bar rubutun yana ajiyuwa cikakke a ciki, kuma ta gaya wa Injiniya haka a fili, ya ɗaga kafaɗa ya ce ba damuwarsa ba ce. Aikin ya fito tsaf, ko ina daidai. Ta ce mini wannan ne ya fi komai ba ta haushi, don ta gwada ta yi shi a karkace ko don ta huce, hannunta ya ƙi.

Bayan ta miƙa aikin ta ɗauki rana guda ta tafi ofishin duba-gari da ƙafarta. Ta zauna a benci tun hantsi har rana ta take, kusa da wani kwandon shara da ya cika ya tumbatsa. Jami'in da ya gan ta mutum ne mai ladabi. Ya saurara, ya girgiza kai a inda ya kamata, ya rubuta lambar wayarta a bayan wani ambulan, ya ce za su duba. Ta gaya masa in sun je su sa a buɗe musu cikakken bayanin da ke cikin akwatin, yana nan bai ɓace ba. Ya ce madalla. Ba a taɓa kiran ta ba.

Bayan wani lokaci kwamfutar gidan sanyin ta sami matsala aka kawo ta ofis, Yaya ta leƙa ta ga abin da ake shigarwa. Tun daga ranar da aka rage akwatin, Baba Sito ya ɗan yi ƙoƙari na 'yan kwanaki. Amma da yake ba ya ganin abin da yake bugawa da zarar ya wuce kalmomin farko, rubutun ya riƙa fitowa a hargitse, haruffa a kan haruffa. Daga nan sai ya gaji. Sauran ranakun duka kalma ɗaya ce, lafiya. Ranar da ma'aunin ya nuna ɗakin ya yi ɗumi kamar ɗakin kwana, lafiya. Ta yi ta gangarawa ƙasa tana ganin lafiya, lafiya, har ta kashe kwamfutar ta fita baranda, ta gwammace warin robar masu faci. Tsohon rubutun da ta yi ta wahalar karewa kuwa, Manaja ya aiko a wanke kwamfutar tas a sake zuba mata komai sabo, Yanzu-yanzu ya wanke.

Ta roƙi Injiniya ya cire ta daga duk abin da ya shafi gidan sanyin, ya cire ta. Ta ci gaba da zuwa aiki, tana gaisawa da kowa, tana goge teburinta da safe. Da a nan abin ya tsaya, ina jin da har yau tana can.

Sai wata rana wani mai otal ya zo. Yana da kwamfuta a wurin karɓar baƙi inda ma'aikaciya ke shigar da ƙorafin masu kwana, kuma ya gaji da ganin dogayen labarai kan kuɗin cizo da zanin gadon da ba a canja ba, musamman da yake abokan kasuwancinsa kan leƙa. Manajan gidan sanyi ne ya ba shi labarin inda ake gyara irin wannan. Injiniya ya rako shi har teburin Yaya yana washe baki, ya ce ga gwanar nan, ita ta ƙirƙiro shi, duk garin nan ba mai matse akwati ya fito da kyau kamarta. Ya ce har sun fara sa shi cikin abin da suke tallatawa, suna kiransa tsari mai tsabta.

Yaya ta ce kalmar tsabtar nan ce ta ƙarasa ta. Mai otal ya miƙo mata hannu, ta dubi hannun ta bar shi a miƙe. Ta zare filogin kwamfutarta daga bango, ta naɗe wayar a hankali, ta ɗauki kofinta da ɗan tawul ɗinta ta zuba a jaka. Injiniya ya biyo ta matattakala yana tambayar ko wani abu aka yi mata.

"Ba a yi mini komai ba, Injiniya. Wurin ne yake wari."

Ya ce ai masu faci ne, an kusa tashin su. Ta ce masa to Allah ya sa, ta sauka.

Ba ta sake aiki a ƙarƙashin kowa ba. Ta sa tebur a kusurwar falonta, kusa da taga, tana karɓar ƙananan ayyuka daga masu kantin magani da makarantun unguwa da wani asibitin ido. Abin da take samu bai kai na da ba, sun sayar da mota, mijinta ya ƙara da koyar da yara lissafi a gida da yamma. Ba zan ce ta fi farin ciki ba, don Yaya ba ta cika farin ciki da komai ba. Gidan sanyin yana nan, an yi masa sabon fenti, motoci na layi a ƙofarsa. Idan hanya ta bi da mu ta wajen, takan sa mai mota ya zaga ta wani layin ko da zai fi nisa. Injiniya ya ƙara ɗakuna, Yanzu-yanzu ne mataimakinsa.

Shekaru sun fara kama ta. Wuyanta yana ciwo, tana sa tabarau biyu, ɗaya na karatu ɗaya na kwamfuta, kuma kullum tana neman ɗayan. Babbar 'yarta ta ƙi ko kallon aikin, ta tafi koyon aikin jinya. Masu ba ta aiki suna tsoron ta suna kuma dawowa, don takan yi musu faɗa kamar 'ya'yanta, amma abin da ta yi musu ba ya lalacewa.

Makon jiya na je gidan na same ta a waya da shugabar wata makarantar firamare. Matar tana so a sa hoton ginin makarantar babba a saman tagar rajistar ɗalibai, a ture sauran abubuwan ƙasa. Yaya tana gaya mata cewa kwamfutar sakatariyarta ƙarama ce, in aka yi haka sai yarinyar ta riƙa gangarawa ƙasa a kan kowane ɗalibi, ga shi yara sun yi yawa bana. Shugabar ta dage, Yaya ta dage. Ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce mini in shiga kicin in rage wutar shinkafa, wannan matar ba yanzu za ta gama ba. Ina kicin ina jin ta tana cewa za ta sa hoton, amma ƙarami, a gefen dama, kuma ita za ta zaɓi wanda ba a ga kwandon shara a cikinsa ba.